Gishiri Ya Yi Ƙara, Sukari Ya Yi Shiru

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da har gobe ba ta fita daga raina ita ce ranar da Nafisa ta tsaya a gaban mai duba makarantu, kofuna jere a gabanta, ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara kayana in bar muku wannan ofis, to shi zan ba ku. Ku sababbin malamai ku matso kusa, don ku na fi nufi.

A lokacin ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata da ke Tarauni, ni ce kuma shugabar sashen kimiyya. Ga waɗanda ba malamai ba a cikinku, tsarin shi ne idan yara suka gama ƙaramar sakandare sai a raba su: wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi da tarihi, wasu na kasuwanci. Mai ajin kimiyya kuwa ba rubutu kawai take yi a jarrabawar ƙarshe ba. Dole ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta haɗa sinadarai da hannunta, ta faɗi abin da ya faru.

Nafisa ta zo mana ajin kimiyya da idanunta, duk da cewa tun farko a bencin gaba take zama tana ƙanƙance ido. Mahaifinta, Malam Isuhu, direban adaidaita sahu ne. Daga wani ƙauye ta wajen Rano ya taso da iyalinsa suka kama haya a Unguwa Uku. Shi yake kawo ta kullum da safe kafin ya fara ɗaukar fasinja. Ashe ciwon hawan jinin ido ne yake cin ta a hankali, ba a gano ba sai da ya yi nisa. Aka yi ta zaryar asibiti a hutun ƙarshen zango. Da aka dawo zango na biyu, sai ga ta ƙawarta na riƙe da hannunta. Abin da ya rage mata shi ne ta bambance haske da duhu.

Shugabar makarantarmu, Hajiya Talatu, mace ce mai tausayi, amma mai bin ƙa'ida. Ta kira ni ofis ta ce, “Malama Rakiya, yarinyar nan ba za ta iya zama a ajinku ba. Wa zai ɗauki alhakin ta ƙone hannu ko ta fasa kwalbar asid? Mu mayar da ita ajin adabi, can sauraro ne da hadda.”

Ban iya musa mata ba, don ni ma ban san yadda zan yi ba. Sai washegari Malam Isuhu ya tare ni a bakin ƙofar makaranta, ya sauko daga kan babur ɗinsa ya rusuna.

“Malama, ni ban yi boko ba, ban san me kuke yi a ɗakin nan ba,” in ji shi. “Amma tun jiya da aka gaya mata, ko ruwa ba ta sha ba. Rashin idon ma ba ta yi masa kuka kamar wannan ba. Don Allah in da yadda za a yi, a duba.”

Na koma wurin Hajiya na roƙe ta. Ta ce, “Masu duba makarantu za su zo kafin tsakiyar zango. Ki riƙe ta zuwa lokacin. In wanda ya zo duba kimiyya ya ce ta zauna, ta zauna. In ya ce a ɗauke ta, ba ni da ta cewa, ke ma haka.”

Darasin da ke gabanmu a manhaja a makonnin nan shi ne haɗuwar sinadarai. Bari in taƙaita muku shi. Duk abin da ke duniya, daga ruwan sha har ƙarfen ƙofa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra da muke kira atom. Kowane atom yana da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kewaye da shi zobe-zobe, su ne ilektoron. Atom ba ya samun natsuwa sai zobensa na waje ya cika. Hanya biyu ce fitacciya ta cika shi. Ko dai wani atom ya miƙa wa wani ilektoron ɗinsa gaba ɗaya, wannan shi ne haɗin ayonik, na bayarwa da karɓa. Ko kuma biyun su haɗa nasu a tsakiya su yi tarayya a kai, wannan shi ne haɗin kobalent.

Duk shekarun baya da zane a allo nake koyar da wannan. Yanzu ga ɗaliba wadda allo ba ya mata amfani. Ina gida a Gyadi-Gyadi wata Asabar, ina tsince shinkafa, sai na ji yatsuna suna bin layin saƙar faifan da ke cinyata. Zobe ne a cikin zobe, tun daga cibiya har baki. Na ajiye shinkafar na tashi na kwaso duk faya-fayan da ke gidan, na haɗa da fil mai kai, irin wanda muke maƙale mayafi da shi.

Ran Litinin lokacin hutun tara na zaunar da Nafisa a ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗora hannunta a kan faifai na farko na ce, “Wannan sodiyam ne. Kowane kan fil da kika ji ilektoron ne. Ƙirga na zoben waje.”

Ta shafa ta ce, “Guda ɗaya ne, Malama.”

Na ba ta na biyu na ce kulorin ne. Ta ƙirga ta ce bakwai. Na gaya mata cewa zoben wajen nan takwas yake buƙata ya cika. Sai ta zare fil ɗin nan guda daga faifan sodiyam ta soka shi a na kulorin.

“Gishirin miyarku ke nan kika haɗa,” na ce mata. “Sodiyam ƙarfe ne da in ya faɗa ruwa yake tafasa har ya kama da wuta. Kulorin iska ce mai guba. Wannan fil ɗin guda da kika matsar shi ya mayar da su abin da Innarki ke barbaɗawa a tukunya.”

Ta ce, “Ikon Allah,” a hankali, hannunta na kan faifan.

Sai na ba ta faifan kulorin guda biyu, kowanne da bakwai, na ce ta cika su duka ba tare da ta nemo fil a waje ba. Wannan ya ba ta wahala. Ta cire daga wannan ta sa a wancan, ta ji na farkon ya ragu, ta mayar. Can sai ta ɗora bakin faifai ɗaya a kan bakin ɗayan, ta zaro fil guda daga kowanne ta soke su ta inda suka haɗu, suka ratsa duka biyun. Ta ɗaga ɗaya, ɗayan ya biyo shi.

“Waɗannan a ɗinke suke,” in ji ta. “Amma Malama, na gishirin fa? Ai kowa yana gefensa. Me yake riƙe su?”

Na yi mata bayani cewa wanda ya bayar da ilektoron ya koma mai caji iri ɗaya, wanda ya karɓa ya koma mai kishiyar cajin, kuma caji biyu masu saɓani suna jan juna da ƙarfi. Atom mai caji shi muke kira ayon. A cikin ƙwayar gishiri guda, ayon ne bila adadin a jere sahu-sahu, kowanne maƙwabtansa sun riƙe shi ta kowace fuska.

Ta ce, “Ke nan in aka sami abin da ya shiga tsakaninsu, kowa zai tafi da cajinsa.”

Na ce, “Abin da ruwa yake yi musu ke nan.”

Ta yi murmushi, irin wanda rabona da in gani a fuskarta tun zangon farko. Sai ta ce, “Malama, ke kin taɓa ganin ilektoron da idonki?”

Na ce, “A'a.”

“Wanda ya rubuta littafin fa?”

“Shi ma bai taɓa ba.”

“Ashe a wannan darasin duk ɗaya muke,” in ji ta.



Saura gwaji. Yadda ake nuna bambancin haɗin biyu a aikace shi ne a haɗa batir da waya da ƙwan tocila, a tsoma bakin wayoyin biyu a ruwa. In ruwan gishiri ne, ayon ɗin da suka rabu suna yawo za su ɗauki lantarki daga wannan baki zuwa wancan, ƙwai ya kama. In ruwan sukari ne, da yake haɗinsa na tarayya ne, narkewa yake yi dunƙule-dunƙule babu caji, ƙwai ba zai kama ba. To Nafisa ba ta ganin ƙwai. Na ɗauki kayan na kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin titi kusa da gidanmu. Ya cire ƙwan, ya sa wata 'yar ƙararrawa da ya ciro daga mataccen agogon tebur, ya fasa tsofaffin batura ya zaro sandunan gawayin cikinsu ya ɗaura a bakin wayoyin, ya ɗaure komai a kan ɗan katako.

Ranar da muka fara gwada shi, ajin gaba ɗaya ya taru. Nafisa ta tsoma sandunan a tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, wanda babu komai a cikinsa. Shiru. Ta soka su a busasshen gishiri. Shiru. Na ce ta zuba ruwan a kan gishirin tana juyawa. Sai ƙara ta fara tasowa siririya, tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, har ta cika ɗakin. Yaran suka ɗauki shewa. Ita kuwa ta karkata kai tana saurare, ta ce, “Ga su nan, sun saki juna.” Muka gwada sukari, aka yi ta juyawa, ko ƙis. Muka matsa lemon tsami, ya ba da ƙara 'yar kaɗan, na gaya musu cewa shi haɗinsa na tarayya ne, amma wani ɗan kaso nasa yana rabuwa ya zama ayon in ya shiga ruwa. Wata rana kuma na ɗora cokali biyu a kan wuta, ɗaya da sukari ɗaya da gishiri. Kafin masu ido su yi magana Nafisa ta ce sukarin ya narke, don ta ji ƙamshin alewa. Gishirin kuwa sai tsatsat yake yi, ya ƙi narkewa, saboda ƙarfin riƙon da ayon suka yi wa juna ya fi ƙarfin wutar risho.

Masu duba makarantu suka zo wata Laraba da hantsi. Yadda aikinsu yake, kowanne zai shiga ajin fanninsa ya zauna a baya, ya ga darasi, ya duba kayan aiki, sannan ya rubuta rahoto. Wanda ya zo mana Malam Bashir ne, dattijo mai furfura, wanda ya daɗe yana koyar da kemistiri kafin a mayar da shi ma'aikatar ilimi. Hajiya ta riga ta gaya masa zancen Nafisa. Ya zauna ya kalli darasin har ƙarshe. Ta taga ina hango Malam Isuhu zaune a cikin adaidaitarsa ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Ranar bai fita aiki ba.

Da na gama, Malam Bashir ya taso ya juya katakon ƙararrawar a hannunsa, ya ce, “Malama, wannan dabara ce mai kyau. Amma abin da kika jiƙa, kin gaya mata sunansa tun jiya. Ki ba ni wuri in jiƙa nawa.”

Na ce, “Bismilla, ranka ya daɗe.”

Ya juya mana baya a teburin ƙarshe ya yi 'yan haɗe-haɗensa, ya kawo kofuna uku ya jera a gaban Nafisa. Ya ce, “'Yata, kin san dokar ɗakin nan?”

“Ba a ɗanɗana komai, Malam.”

“Madalla. Ki gaya mini irin haɗin abin da na narkar a kowane kofi.”

Ta laluba ta tsoma sandunan a kofi na farko. Ƙara ta tashi da ƙarfi. Ta ce ayonik ne. Ya ce haka ne, kanwa ce. Ta ɗauraye sandunan da kanta, ta goge, ta tsoma a na biyu. Shiru. Ta jira, ta motsa su, ta ce kobalent ne. Ya ce haka ne, garin gulukos ne.

Ta ɗauraye ta tsoma a na uku. Ni daga inda nake tsaye ban ji komai ba, har na fara sakin numfashi. Sai na ga ta sunkuya ta kai kunnenta daf da katakon.

“Don Allah a yi shiru,” in ji ta.

Ajin ya yi tsit. Sai a lokacin muka jiyo ta, wata ƙara siririya kamar kukan sauro daga nesa.

Malam Bashir ya ce, “To, wane iri ne?”

Ta ce, “Ba zan iya faɗa ba tukuna.”

Hajiya Talatu, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, an gama.

Sai Nafisa ta ce, “Malam, da wane ruwa ka jiƙa wannan?”

“Me ya sa kike tambaya?”

“Lemon tsami yana yin irin wannan ƙarar, amma ya fi ta ƙarfi, kuma ban ji ƙamshinsa ba. In gishiri ne ɗan kaɗan, zai iya yin haka. Amma kuma na ji lokacin da kake haɗawa ka buɗe bokitin da ke bayan ƙofa, shi kuwa ruwan burtsatse ne a ciki. Ruwan da ya ratso ƙasa da duwatsu ba zai rasa gishirin ƙasa a cikinsa ba. Ina so a ba ni ruwan shi kaɗai, wanda ba a sa masa komai ba.”

Ya ɗauki sabon kofi ya je ya ɗebo daga bokitin ya ajiye kusa da hannunta. Ta tsoma. Ƙarar sauron nan ta sake fitowa. Ta ɗauraye ta koma kofi na uku, ta sake dawowa na ruwan, kunnenta a kan katako, idanunta a buɗe suna kallon inda babu kowa.

Ta miƙe ta ce, “Ɗaya suke, babu wanda ya fi wani. Abin da ka zuba bai ƙara komai ba, ƙarar ta ruwan ce. In dai ya narke, to na tarayya ne, kamar sukari.”

Malam Bashir ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙullin sukarin shayinsa ya ajiye a tebur.

Ku da kuka karanta kimiyya kun san abin da ta yi: ta ware abin da ake gwadawa daga abin da yake ciki, ta gwada kowanne shi kaɗai, kafin ta yanke hukunci. Wannan shi ne ƙashin bayan kowane bincike, kuma ban kai ga koya musu shi ba, yana can a zango na uku. Ita ta gano shi a tsaye, a gaban baƙo, makomarta na rataye a kan amsar. Kuma abin da ta jiyo ɗin, 'yan ayon ne da ruwa ya kwaso daga duwatsun da ke ƙarƙashin Tarauni, suna ninƙaya tsakanin sandunan gawayi biyu. Shekara da shekaru muna shan ruwan nan muna alwala da shi, ba wanda ya taɓa jin motsinsu sai ranar.

Malam Bashir ya cire tabaransa ya goge, ya ce, “Subhanallahi. Da ƙwan tocila ne, ɗan wannan lantarkin ba zai kunna shi ba, da duk mun ce babu komai. Ni kaina ban tabbata za a ji wani abu ba. So na yi in ga yadda za ta yi in ta gamu da abin da ba a koya mata ba.” Ya juya wurin Hajiya ya ce, “Wannan a ajin kimiyya take. Abin da ya rage namu ne: a ba ta abokiyar aiki mai riƙe mata kwalba da wuta, ita ta riƙa ba da umarni. Zan rubuta a nema mata irin wannan tsarin a jarrabawa.”

Hajiya ta ce, “An gama, ranka ya daɗe.”

Na fita na gaya wa Malam Isuhu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Malama, ban gane zancen kofunan ba. Ta zauna?” Na ce ta zauna. Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin babur ɗin, kafaɗunsa na girgiza. Na bar shi a haka na koma aji.

Ba zan ce muku komai ya zo da sauƙi daga nan ba. Gwajin da ya dogara da canjin launi ya ba mu wahala ƙwarai, lissafin kemistiri kuma sai da ta koyi rubutun makafi a wata cibiya da yamma kafin ta iya bin sa. Neman izinin mai taimaka mata a jarrabawa ya ci mana takalmi. Amma ta rubuta, ta ci, ba da maki mafi girma ba, da maki mai kyau dai. Ta wuce kwalejin horar da malamai. Yanzu haka tana koyar da kimiyya ga yara marasa gani, ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu. Duk sallah tana kira na.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, shi nake so in bar muku. Fanninmu na abubuwan da ba a gani ne. Zanen da muke yi a allo ba shi ne atom ba, hanya ce kawai da wani ya samo ta kai hankali wurinsa, kuma hanyoyin suna da yawa: akwai ta hannu, akwai ta kunne, akwai ta hanci. In yaro ya kasa bin wadda kuka saba, kada ku yi saurin cewa fannin ne ya fi ƙarfinsa. Sannan in kuna duba amsoshin ɗalibai, ku riƙa lura da wanda ya ce muku “ban sani ba tukuna, a ba ni in gwada.” Mu malamai mun saba ba wa mai saurin ɗaga hannu maki, mu wuce wancan. Ni dai tun daga ranar Larabar nan, duk ɗalibar da ta faɗa mini haka, ajiye allina nake yi in jira ta.